Yadda Ake Auna Wasulan Turanci da Yatsa

Idan kai malamin makarantar gwamnati ne, kuma ƙishin-ƙishin ya iso ɗakin malamai cewa za a rage ma'aikata, ka ajiye fargaba ka gyara zama. Cikin zango guda za ka koma malamin Turanci wanda ba mai iya taɓa shi, ko da iyakar Turancinka shi ne abin da ke rubuce a jikin gwangwanin madara. Wannan alkawari ne, babu wataƙila a ciki. An gwada hanyar a cikin birnin Zariya, a wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke Ƙofar Gayan, ta kuma yi aiki yadda ake so. Malam Zailani ne ya ƙirƙiro ta, don haka da shi za a riƙa buga maka misali. Inda ya yi daidai ka bi shi sau da ƙafa. Inda ya kauce za a nuna maka, sai ka tsallake.

Mataki na ɗaya: Ka nemo ajin da ba kowa

Kowace makaranta tana da irinsa, ido kawai za ka buɗe. A makarantar su Malam Zailani ajin Turanci ne. Shekara takwas wani ɗan Ghana, Mista Owusu, yana riƙe da shi, har ranar da aka ce baƙi marasa takarda su koma ƙasashensu. Ya ɗaure katifarsa, ya yi sallama da kowa, ya hau mota a Sabon Gari. Abin da ya bari shi ne guntayen alli da wani babban kwali manne a bango, cike da alamomi kamar sawun kaji. Fiye da shekara, duk lokacin darasin Turanci 'yan aji biyu a gindin mangwaro suke yin sa.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka fara maganar jerin sunayen waɗanda za a sallama. Malam Zailani Larabci yake koyarwa, kuma su uku ne masu Larabci a makarantar. Ɗaya yana da digiri. Ɗaya yayarsa tana aure a gidan wani babba a ofishin shiyya. Na ukun shi ne Malam Zailani, ba digiri, ba suruki, sai shekara goma sha huɗu da wata biyar na aiki. A zamanin sai ka cika sha biyar kake shiga sahun masu fansho. Wata bakwai kacal yake nema, ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga tsohuwarsa a ɗakin ƙofa. Ko kai ne ka san wanda za a fara cirewa.

Ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Talata, ya shiga ofishin shugaban makaranta, Alhaji Inuwa.

"Ranka ya daɗe, na ga ajin Turancin nan ya daɗe ba kowa."

Alhaji Inuwa ya dube shi ta saman tabarau. "Malam Zailani, kana jin Turanci ne?"

"Ina ji, ranka ya daɗe. Mayarwar ce dai ba kullum ba."

"To ai su ma yaran ba mayarwa za su yi ba," in ji Alhaji Inuwa, ya miƙa masa alli.

Ka lura, babu wanda ya yi ƙarya a ofishin nan. Haka ake so a fara kowace harka ta gwamnati.

Mataki na biyu: Ka zaɓi babi ɗaya ka tare a cikinsa

Kada ka yi gigin taɓa insha'i ko rubutun wasiƙa. A takarda ake yin su, da jan biro ake duba su, kuma takarda tana iya tafiya ofis ta ba da shaida a kanka. Ka nemi abin da ake yi da baki. Sauti da ya fita ya tafi ke nan, ba a taɓa samun wanda ya naɗe shi ya sa a fayil ba.

Malam Zailani ya kwashe kwana biyu yana juya manhajar Turanci, kowane shafi da zufarsa. Can wajen tsakiya ya ci karo da wani babi, ya bi sunansa da ƙamus kalma-kalma, sai ga fassara ta fito: dogayen wasula da gajeru. Ya sake dubawa. Ya yi ajiyar zuciya irin ta matafiyin da ya ji ana Hausa a tashar garin da bai san kowa ba.

Ai nan gidansu ne. A zauren mahaifinsa ya tashi, inda ake koyon karatu da tajwidi, kuma tun yana ɗan shekara bakwai ya san inda ake jan harafi da inda ba a ja. Madda ake ce wa jan, kuma ba da ka ake yin sa ba, aunawa ake yi. Mai karatu yana ja yana lanƙwasa yatsu, biyu ko huɗu ko shida, gwargwadon abin da wurin ya nema.

"Ashe su ma Turawan nan suna da madda," in ji shi, shi kaɗai a ɗakin malamai. "Ɓoyewa kawai suka yi."

Ya rufe manhajar ya jefa a durowa. Bai sake buɗe ta ba, kai ma kada ka buɗe taka.

Mataki na uku: Ka kafa doka, ka tabbata ta fi harshen tsari

Yara ba sa son a ce musu "wani lokaci" ko "ya danganta". Iyaye ma ba sa so, balle sufeto. Doka suke so, wadda za a haddace kafin a kaɗa ƙararrawa.

Malam Zailani ya yi tunani irin na mai hankali. Mutanen da suka shimfiɗa hanyar jirgi tun daga Ikko har Kano ba ta karkace ba, ba za su zauna su rubuta harafi biyu sannan su karanta ɗaya ba. Ɓarnar tawada ce, kuma Bature ba ya ɓarna. Saboda haka ya hau allo ya rubuta: wasali ɗaya a wuri, yatsa ɗaya. Wasali biyu a jere, yatsa biyu. Uku a jere, yatsa huɗu, don a zauren babansa ba a tsayawa a uku.

Satin farko ya gwada dokar a kan "ship" da "sheep", da "sit" da "seat", da "full" da "fool". Dukansu suka yi biyayya. Alhaji Inuwa ya leƙo ya saurara, ya ce lallai haka yake jin su a rediyo. Ganin haka sai Malam ya buɗe ƙofa kowa ya shigo: "book", "good", "foot", "head", "bread", "friend", "blood", duk yatsa bibbiyu, ba sani ba sabo. "Beautiful" ta samu huɗu. "Queue" kuwa, da wasula huɗu reras a bayan harafi ɗaya, ya dube ta ya jinjina kai don girmamawa, ya ba ta shida cif. Ba a taɓa ta kullum, ajiye ta ake yi sai an yi baƙo.

Sauran kwalin Mista Owusu. Malam ya lura cewa a jikinsa an rubuta "moon" a ƙarƙashin wata alama, "book" a ƙarƙashin wata daban, alhali da ganinsu 'yan gida ɗaya ne. Ya yi wa mutumin uzuri, ya ce wataƙila hankalinsa ya riga ya koma gida lokacin da yake rubutawa. Ya cire kwalin, ya juya shi, ya rubuta jadawalin shara a bayansa, ya mayar bango. Kai ma haka za ka yi. Ba a barin aikin wanda ka gada yana kallon yara ido cikin ido.

Mataki na huɗu: Ka sa su faɗa gaba ɗaya

Yaro ɗaya idan ya furta kalma, ana iya cewa ya yi kuskure. Yara arba'in da takwas idan suka furta ta da murya ɗaya, hannuwa a sama, yatsu suna lanƙwashewa tare, sai mai sauraro ya fara zargin kunnensa. Don haka kada ka taɓa tayar da mutum ɗaya. Ka nuna kalma da sanda, ka ɗaga hannu, ka bar jama'a su yanke hukunci.

Nan Malam Zailani ya nuna shi ɗan zaure ne. Ya san yadda ake ɗaukar numfashi, ya san inda ake tsayawa, ya san yadda ake sa murya arba'in ta koma ɗaya. Kafin wata guda, ajin ya fi na kowa daɗin ji. Ƙarfe goma na safe yake farawa, kuma sautin yakan haura katanga ya sauka cikin unguwa. Mata suka daina tambayar lokaci, da sun ji an ja "bread" sai su san lokacin ɗora sanwa ya yi. Masu saƙar tabarma a bakin hanya suka fara jan zare daidai da jan wasali. Iyaye suka riƙa tare Alhaji Inuwa a masallaci suna sa masa albarka, wai Turanci ya dawo makaranta, har ya fi na ɗan Ghana ƙarfi.

Gidan Malam katanga ɗaya ce ta raba shi da makarantar, saboda haka matarsa Hajo ba ta rasa ko darasi ɗaya ba.

"Malam," in ji ta wata rana tana zuba masa ruwa a buta, "ashe haka kake jin Turanci, shekara da shekaru ka ɓoye mini?"

"Ba a tambaye ni ba ne."

Ya faɗa yana gyara hula, kuma gaskiya ya ji daɗi. Tunda ya fara aikin gwamnati ba a taɓa tsayawa a baranda don a saurari darasinsa ba sai yanzu.

Mataki na biyar: Ka sa biro uku a aljihun gaba

Baƙi, shuɗi, ja. Ba sai suna rubutu ba, marfin ake gani.

Mataki na shida: Ka guji tsofaffin ma'aikatan reluwe

Wannan mataki ya fi duk sauran nauyi, don a nan Malam Zailani ya fara zamewa.

A kowane tsohon gari akwai dattijo ɗaya ko biyu da suka yi aiki da Turawa baki da baki, ba su mutu ba, kuma ba su da abin yi. Ana gane su da agogon aljihu da kujerar ƙarfe mai naɗewa. Idan ka hango irinsu ka ɗaga hannu daga nesa, ka ce ta'aziyya za ka, ka ƙara wa keke mai.

Na Ƙofar Jatau sunansa Bahago. Shekara talatin da ɗaya yana akawu a tashar jirgin ƙasa, kuma jikokinsa biyu suna ajin Malam Zailani. Wata Laraba bayan la'asar Malam ya biyo ta ƙofar gidansa a kan keke.

"Ɗan Malam! Sauko."

Da wani ne, da ya wuce. Amma Bahago aminin marigayi babansa ne, tare suka yi wasan ƙasa, kuma a cikin birni ba a ɗaga wa irin wannan hannu daga kan keke. Malam ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi tsohuwa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan Bahago ya ɗauki sandarsa ya rubuta kalma biyu a ƙasa, "moon" da "book".

"Karanta mini."

Malam ya ɗaga hannu ya karanta, kowace yatsa biyu, ba ragi ba ƙari.

Bahago ya dubi yatsun. Sannan ya furta su da kansa. Ta farko ya ja ta. Ta biyu ya sake ta da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Amma Baba, ai harufan iri ɗaya ne."

"Iri ɗaya ne."

"To mece ce dokar?"

"Babu," in ji Bahago. "Shekara talatin da ɗaya ina jira su faɗa mini, har suka tattara suka tafi ba su faɗa ba. Ina jin su ma ba su sani ba. Da kunne ake kama abin, ɗaya-ɗaya. Kuma ba tsawo kaɗai ba ne, bakin ma sauya zama yake yi. Dubi leɓena."

Malam ya duba. Ya gani, ya kuma ji.

"Jikokin nan nawa," in ji dattijon, "kullum sai sun tsaya a gabana sun ja mini kalma har numfashinsu ya ɗauke, wai in sa musu albarka. Ina sa musu. Amma na ce bari in ga ɗan wa ke koya musu. Da na ji kai ne, sai na ce to wannan yana da kunne, ba a dai ba shi abin ji ba ne."

Ka ga irin haɗarin. Da zagi ya yi, da an tashi an kakkaɓe riga an manta.

Mataki na bakwai: Idan tsautsayi ya sa ka ji gaskiya, kada ka koma neman ƙari

Jin gaskiya sau ɗaya ba ya kashe mutum. Kwana uku ya isa ta lafa, musamman idan ana cin abinci a kan lokaci. Komawar ce matsala.

Malam Zailani ya koma washegari. Ya koma jibi. Sati biyar, duk bayan la'asar, kekensa yana jingine a bangon Bahago. Dattijo ya furta, shi ya maimaita, dattijo ya ce "sake", ya sake. Da mai toshesshen kunne ne da ya tsira, da ya gaji ya ce duk ɗaya ne. Amma kunnen da aka horar tun yarinta a kan bambancin yatsa biyu da huɗu ba ya iya ƙin ji. Kafin sati biyu ya fara kama kalma tun kafin Bahago ya rufe baki.

Ya sayi ƙaramin littafi, ya raba kowane shafi biyu. A dama, kalmomin da ya koyar daidai. A hagu, waɗanda ya ɓata. Hagun ya riƙa cika yana tsallakawa shafi na gaba, daman yana nan da fili.

Darasin ƙarfe goma ya zame masa azaba. Yana nuna kalma da sanda, yara suna ja da dukan zuciyarsu, shi kuma yana kallon taga. Kunya yake ji, irin wadda ba a iya faɗa wa abokin aiki. Yaran nan sun yarda da shi ne, shi ya sa suka iya kuskuren da kyau haka.

Sai takarda ta zo cewa sufeto zai zagayo, kuma da rahotonsa za a tsayar da sunayen waɗanda za a sallama. Saura wata biyu Malam ya cika sha biyar. Ya zaunar da Hajo da hantsi ranar Asabar, ya buɗe mata littafin, ya faɗa mata komai. Ta saurara har ya gama, hannunta bai bar tsince shinkafa ba.

"Yanzu so kake ka shiga aji ka ce musu duk abin da suka haddace ba haka ba ne, ana saura kwana goma baƙo ya zo?"

"Amana ce, Hajo."

"Na sani. Ba cewa na yi kada ka gyara ba, cewa na yi ka bari wata biyun nan su wuce. 'Ya'yan mutane ba za su mutu don sun ja wasali ba, Malam. Naka kuwa tuwo suke ci."

Ya ce ta yi gaskiya. Ya sa littafin a aljihu, ya yi niyyar ranar da ya cika sha biyar, washegari zai fara gyara daga shafin farko. Wannan shi ne abu mafi hikima da ya yi a duk labarin, kuma ba daga kansa ya fito ba.

Mataki na takwas: Ranar sufeto, ka haɗa hannuwanka a baya ka riƙe ɗaya da ɗaya

Sufeto mutum ne kamar kowa. Yana so ya ga aji a share, yara a zaune, malami a tsaye, ya rubuta ya tafi kafin rana ta yi zafi. Minti goma sha biyar ne duka. Ka ƙura wa rufi ido, ka yi ta salati a zuci.

Wanda aka turo sunansa Malam Jalo, labarin ƙasa ya karanta, kuma makaranta shida ya zaga a satin, huɗu daga ciki bai tarar da kowa a ajin Turanci ba. Aka ba shi kujera a gefen allo, Alhaji Inuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Malam Zailani ya yi dabara, ya zaɓi kalmomin shafin dama kawai. "Ship", "sheep". "Sit", "seat". Murya arba'in da takwas kamar ta mutum ɗaya. Alhaji Inuwa ya yi masa alama da ido, sai aka fito da "queue", aka ja ta har yatsa shida, Malam yana kallon rufi. Sufeto ya yi murmushi. Wanda ke kusa ya ga shi ma yana lanƙwasa nasa yatsun a ƙarƙashin fayil. Ya cire marfin biro ya fara rubutu, kuma daga yadda hannun ke gudu kowa ya san alheri ake rubutawa.

An gama ke nan. Amma daɗi ya ɗebi Malam Jalo, ya tashi ya karɓi alli, ya ce bari shi ma ya gwada su. Ya rubuta "a good book" a allo, ya ɗaga hannu yadda ya ga ana yi.

Yara suka ɗauki numfashi, suka ja ta farko, suka ja ta biyu, tsaf, ba wanda ya riga wani.

Tafin hannun Malam Zailani ya sauka a kan tebur.

"A'a!"

Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. A zauren da ya tashi, idan mai karatu ya ja inda ba a ja, ba a jira ya kai ƙarshe, ba a duba ko akwai baƙo a zaune. Hannu ke fara bugun buzu, sannan tunani ya biyo baya. Sati biyar yana danne hannun nan, yau da ya ga an rubuta kuskuren a gaban hukuma ana shirin sa masa hatimi, sai ya kufce.

Alli ya gangaro daga tebur ya faɗi.

"Gajere ne," in ji Malam. "Dukansu biyu gajeru ne. Ku sake."

Yara suka dubi juna, suka dubi malaminsu, suka ɗaga hannu suka sake ja, yatsa bibbiyu. Ya koyar da su da kyau.

Malam Jalo ya mayar da marfin biro. "Malam, idan kuskure ne, wa ya koya musu?"

To ka buɗe kunne, don ko a nan akwai ƙofar fita, a buɗe take, har da mai riƙe maka labule. Alhaji Inuwa ya matso da sauri.

"Yallaɓai, ai wani ɗan Ghana ne ya riƙe su da can. Ka san irin aikinsu. Malam yana ta fama ne ya gyara."

Mutumin yana can ƙasarsu, ba zai ji ba, ba zai zo ya musa ba, ba abin da zai rage shi da shi. Gyaɗa kai kawai ake nema. Ko gyaɗawar ma ba dole ba ce, shiru ya isa.

"Ni ne, yallaɓai," in ji Malam Zailani. "Mista Owusu daidai ya koya musu. Ni na zo na ɓata, don ban sani ba. Yanzu na fara sani." Ya zaro littafin daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. "Ga su nan duka na rubuta. A ba ni zango ɗaya in gyara."

Sufeto ya karɓa, ya buɗe, ya ga yawan shafin hagu, ya mayar masa. Ya dubi agogo, ya yi wa yara sallama, ya fita. Alhaji Inuwa ya bi shi har mota yana magana, amma daga taga ana ganin baki ɗaya ne kawai ke motsi.

Mataki na tara: Ka tsaya ka ga sakamako

Rahoto ya fito bayan kwana tara, kuma ya tabbatar da duk abin da aka yi maka alkawari tun farko. An yaba wa hanyar auna wasula da yatsa, an ce mai sauƙi ce, tana sa ladabi, ba ta buƙatar littafi, a ci gaba da ita. Game da malamin kuwa, an ce ba shi da tabbas a kan aikinsa, yana ƙaryata ɗalibai a gaban baƙo, kuma bisa takardunsa malamin Larabci ne, fannin da ake da rara.

Takardar sallama ta iso ana saura sati shida ya cika sha biyar. Ya kai wa Hajo. Ta juya ta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin kwalla, ta zubo masa abinci ta ajiye a gabansa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, har yau ba ta ce ba, kuma wannan ya fi ci masa rai fiye da takardar.

Ajin aka ba wa Malam Lado, malamin aikin gona. A hutun tara ɗaya yara suka koya masa dokar. Mutum ne mai bin umarni, bai san hanyar Ƙofar Jatau ba, kuma yana nan daram a kan aikinsa.

Ba ruwanmu

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, ya binciki kansa, zai tarar wani wuri ya je ya koyo abin da ba a aike shi ba. Ba mu ɗauki alhakin kunnen kowa ba, ko hannunsa, ko irin tarbiyyar da aka yi masa a gida. Ba mu da hannu a fanshon da bai zo ba, ko a ɗaliban da za su je gaba a yi musu dariya, ko a kukan da wata ta yi a madafa ta ce hayaƙi ne. Masu ƙorafi su kai ofishin shiyya, ana karɓa ranar Litinin.

Idan kuma hanya ta biyo da kai ta bayan makarantar da ƙarfe goma na safe, za ka ga wani mutum zaune a kan buzu a ƙofar zaure, daf da katanga. Za ka ji yara daga ciki sun ɗauki numfashi sun ja "good" har yatsa biyu, ka ji shi kuma ya ce wa katangar, a hankali, "Gajere ne." Ka yi masa sallama ka wuce, ba mu muka sa shi ba.